Hodar Haƙoran Baban Bashira

Litinin, 9 ga Rajab 1394, da hantsi

Haƙoran Baban Bashira sun faɗo yau a cikin kofin shayi.

Muna karya kumallo, ni da shi da autarmu Bashira. Ya buɗe baki zai ce in miƙo masa burodin tamis, sai na ƙasan suka zame, tsulum. Bashira ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Shi bai yi ba. Ya tsamo su da sauri, ya juya mana baya, ya tashi bai gama cin wakensa na ful ba.

Haƙoran roba ne, sama da ƙasa. Tun kafin a haifi Bashira yake da su, wani mai haƙori a nan unguwar Balad ya yi masa. Duk shekarun nan ni nake shirya masa su da asuba. In wanke, in bar su da ɗan danshi, in barbaɗa hodar mannewa sama-sama, in kaɗe ragowar. Shi kuma ya danna da manyan yatsu yana salati har su kama. Da su yake wuni a rumfarsa ta Bab Makka yana gasa tsire, yana ɗanɗanawa, yana surutu da masu saye, ba su taɓa ba shi kunya ba.

Tun watan jiya ya karɓe aikin daga hannuna. Wai ina yi wa hoda rowa.

Bayan ya sake manna su ya sauka ɗakin Inna, mahaifiyarsa, kamar kullum. Idanunta sun tafi tun muna Madani, can Sudan. Ba ya fita sai ya durƙusa a gabanta ta shafa fuskarsa, daga goshi har haɓa, ta sa masa albarka. Na ji tana cewa, “Salihu, yau ka makara.”

Laraba, 11 ga Rajab, bayan la'asar



Gwangwanin hodar ya ƙare, sai na ce bari in yi masa gwaninta. Na ja Bashira muka je saidaliyya, shagon magani, wurin Othman, inda yake saye. Da na ajiye tsohon gwangwanin a kan tebur, Othman ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, “Ya Hajja, ke ce iyalin Amm Saleh mai siriyya?” Haka Larabawa suke kiransa, wato Salihu mai tsire.

Na ce ni ce.

Ya ce, “Wannan gwangwanin wata biyu yake yi wa mutum. Shi yanzu duk mako sai ya zo. Hoda ba magani ba ce, wallahi na gaya masa. Ya koma wurin daktor ɗin kuwa?”

Na ce wane daktor?

Sai ya sunkuyar da kai yana naɗe gwangwanin a takarda. Ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa. Ya ce, “Allah ya ba shi lafiya.”

Ya koma. Ba “ya je” ya ce ba, “ya koma” ya ce.

A hanya Bashira tana ta yi mini zancen yadin da ta gani a suk, wato kasuwa, rabi Hausa rabi Larabci. Ban ji komai ba. Har na wuce lungunmu sai da ta jawo mini abaya.

Alhamis, 12 ga Rajab, da asuba

Hodar ce ba ta da kyau. Zafin bana da ɗankon iskar teku ne suka lalata ta.

Asabar, 14 ga Rajab, da azahar

Na shiga kewaye in share, na tarar da ƙaramin kofi a bayan tulu, an jiƙa ƙaro a ciki. Ƙaron da ƙanwata ta aiko mana daga Sudan. Ashe haɗa shi yake da hodar, ya yi kauri kamar talge, ya shafa. A gefen kofin akwai tsumma. Ban san tsumman nan ba. Na wanke shi, ruwan ya yi ja, na shanya a inda Bashira ba za ta gani ba.

Sai yanzu abubuwa suke dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yajin tsire ni nake dakawa, amma shi yake ɗanɗanawa ya ce a ƙara ƙuli ko a rage barkono. Kwanakin nan sai ya ce, “Ke ɗanɗana, bakinki ya fi nawa.” Na ɗauka yabo ne. Mazagin wandonsa ya yi tsawo. Nama ya daina ci, sai kunu, sai miya zalla, shi ma sai ya huce. Mai tsire da ba ya cin nama, ni kuma ina gida ɗaya da shi, ina kallonsa safe da yamma.

Ina idanuna suke?

Lahadi, 15 ga Rajab, bayan magariba

Na tare Na'ibi, ƙaninsa, a kan matakala. Ya ajiye tasinsa ya zo gaida Inna. Na ce masa ya tsaya.

“Na'ibi, kai ka kai shi wurin daktor?”

Ya hau wasa da makullin mota. “Yaya Mastura, wane daktor kuma?”

“Ka dubi Allah ka dubi furfurata.”

Ya zauna a kan matakalar. Ƙato da shi, ya rufe fuska da gutra, mayafin kansa. Ya ce sau biyu ya kai shi. Na farko wurin mai haƙorin, don ya gyara su su daina zamewa. Mutumin ya leƙa bakin, ya ajiye kayan aikinsa, ya ce shi ba zai taɓa ba, a tafi asibiti yau ba gobe ba. Na biyu asibitin. Sun yanki ɗan wani abu sun ce a dawo a ji sakamako. Bai koma ba.

Na ce tun yaushe?

Ya ce tun kafin zafi ya shigo.

“Yaya ya rantsar da ni. Ya ce kada ki ji, kada Inna ta ji. Ni ya zan yi?”

Mai magani ya sani. Mai haƙori ya sani. Na'ibi ya sani. Ni da nake wanke masa riga ce ban sani ba.

Litinin, 16 ga Rajab, da hantsi

Da Bashira ta sauka ɗebo ruwa na rufe ƙofa. Na ce, “Baban Bashira, zo nan bakin taga.” Ya gane. Bai yi musu ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya zo inda haske yake shigowa, ya sa yatsa ya ɓamɓare na ƙasan, ya buɗe baki.

Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Na ce, “A kan wannan kake danna roba kullum?”

Ya ce, “Ba ya zafi sosai.”

Zufa tana ɗiga daga haɓarsa yana faɗin haka.

Laraba, 18 ga Rajab, bayan la'asar

Mun je, ni da shi da Na'ibi.

Daktor ɗin Bamisire ne, dattijo. Ya nemo takardar, ya karanta, ya cire tabarau ya fara faɗa. Ina kuka shiga? Wata nawa ke nan? Daga baya ya sassauta murya ya faɗi sunan abin. Na'ibi ya juyo zai fassara mini, na ce ya bari. Shekarata nawa a ƙasar nan. Na ji.

Ya ce sai an yi aiki, kuma da gaggawa. Za su cire wani ɓangare na muƙamuƙin ƙasa. Ya ce daga yau haƙoran nan mamnu', an hana sa su ko na minti ɗaya. Ya ɗaga su daga cikin tasa, ya ga ƙaron da ya bushe a jikinsu, ya ce, “Ya Hajj, da hannunka kake hura masa wuta.”

Baban Bashira bai tambayi ko zai tashi ba. Abin da ya tambaya shi ne, “Bayan aikin, haƙoran za su zauna?”

Daktor ya mayar da tabarau ya ci gaba da rubutu.

Muka kamo hanyar gida a motar Na'ibi. Da muka iso Bab Makka ya leƙa rumfarsa. Tukubar a rufe, kyanwa tana kwance a kai. Ya ce wa Na'ibi, “Yalla, wuce.”

Alhamis, 19 ga Rajab, da asuba

Bayan salla ya ajiye mini kwanon haƙoran da gwangwanin a gabana. Ba zai iya da kansa ba.

Na ce, “Ba ka ji abin da daktor ya ce ba?”

Ya ce, “Na ɗan lokaci ne. In gaida Inna in hawo in cire. In ta shafa ta ji kumatuna sun lotsa, me zan ce mata?”

Ba haƙora maganarsa ba ta fita sosai, sai na matso kafin in gane.

Na wanke. Na barbaɗa. Na kaɗe. Dasashin ya zaizaye, ba inda robar za ta kama, sai da na ƙara, na sake ƙarawa. Da ya danna, ya runtse ido, salatin ya tsaya masa a wuya. Na riƙe masa kai.

Na bi shi ƙasa na tsaya a bakin ƙofa. Inna ta shafa shi. Ta ce, “Ka rame.” Ya ce, “Zafin bana ne, Inna.” Muryarsa garau, har da dariya. Ta sa masa albarka. Ya hawo da rarrafe.

Juma'a, 20 ga Rajab, da asuba

Na sa masa.

Lahadi, 22 ga Rajab, da asuba

Na sa masa. Jiya ma na sa.

Asibiti sun aiko Na'ibi ya ce akwai gado. Baban Bashira ya ce a bari sai bayan Ramadan. Ramadan!

Talata, 24 ga Rajab, da azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau sun ƙi fita. Ya hawo daga wurin Inna, ya sa yatsa, suka ƙi. Ashe ya faki idona ya ƙara ƙaro. Wurin ya kumbura ya riƙe robar. Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na sa gishiri, yana kurkurewa yana zubarwa a tasa, ni ina girgiza su a hankali. Ya kama ƙafar gado har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Bai yi ƙara ba don kada Inna ta ji a ƙasa. Da suka fito, ba su kaɗai suka fito ba.

Ban san Bashira ta shigo ba sai da na ji tiren shayi ya tarwatse. Tana tsaye tana kallon tasar. Ta ce, “Ummi, esh hada? Abuya esh fi?” Wato mene ne wannan, me ya sami babanta; Hausar ma ta gudu daga bakinta. Na ce ta fita. Ta ƙi. Ta zo ta durƙusa tana goge masa gemu da gefen mayafinta tana kuka ba sauti. Yarinyar da ta yi dariya ranar nan.

Daga ƙasa Inna ta ɗaga murya, “Me ya fashe?”

Na ce, “Kofi ne, Inna.”

Ni ma na iya yanzu. Ƙarya ta zauna mini a baki daram.

Laraba, 25 ga Rajab, da hantsi

Ya ajiye kwanon a gabana. Na ce ba zan sa ba.

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Na sake faɗa.

Ya ce, “Mastura, matar nan da ƙafa ta tako daga ƙasar Hausa har Sudan. ’Ya'yanta a hanya ta binne su, wani ko kabarinsa ba ta san inda yake ba. Ni da Na'ibi muka rage mata. So kike in je in ce mata ga wani ma zai tafi?”

Na ce, “So nake kada ka tafi.”

Ya jawo gwangwanin zai yi da kansa. Hodar ta zube a tabarma. Na ce in ya sa, wallahi zan sauka in gaya mata komai.

Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, “In kin gaya mata, ban yafe miki ba.”

Tun da aka ɗaura mana aure a Madani bai taɓa ce mini ko “tashi daga nan” ba. Na zauna ina kallon farar hodar a kan tabarma. Ban share ba, shi ma bai ce in share ba.

Bai sauka ba. Na ce wa Inna ya fita da wuri sayen nama.

Alhamis, 26 ga Rajab, bayan la'asar

Bai sauka ba. Ba ya yi mini magana. Kunu ma sai Bashira ta ba shi yake karɓa.

Na kai wa Inna abinci. Ta ce, “Yau ma nama?” Na ce e. Ta ce, “To.” Ta ture kwanon.

Juma'a, 27 ga Rajab, da hantsi

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina shara sai na ji wani abu a matakala, kamar ana jan buhu. Na leƙa. Inna ce. Matar da ko kewaye sai an riƙe ta, ga ta tana hawowa da hannu da gwiwa, tana laluben bango, ɗankwalinta ya zame. Na ruga zan ɗaga ta, ta ce, “Sake ni, ’yar nan. Wanda ya tafi sayen nama ba ya tari a saman kaina.”

Yana kwance. Da ya gan ta a ƙofa ya yunƙura yana neman kwanon da ido. Kwanon yana can kan taga. Ya dube ni. Ban motsa ba.

Ta bi numfashinsa har ta kai gadon. Ta ɗora hannu a goshinsa, ta gangaro. Da ta iso kumatu hannun ya tsaya. Ta taɓa inda ya lotsa, ta taɓa inda ya kumbura. Ta daɗe a wurin. Ni dai na jingina da bango.

Ta ce, “Ina haƙoran?”

Ya ce, “Inna…” Sauran bai fito ba.

Ta ce, “Haka ka zo mini duniya, baki wayam, ban ce a mayar da kai ba.”

Sai ya kifa kai a cinyarta. Mutum mai jikoki. Ban taɓa jin kukansa ba sai yau.

Ta juyo inda take jin motsina. “Mastura, me masu magani suka ce?”

Na gaya mata. Duka. Sunan abin ne kawai na kasa, ita ma ba ta nema ba.

“Za su yanka?”

“E, Inna.”

“To me kuke jira?”

Ya ce yana tsoron hankalinta ya tashi. Sai ta daka masa duka a kafaɗa, dukan gaske, har na ji ƙararsa.

“Wata nawa ina shafa roba ina cewa Allah ya ba da kasuwa? Kasuwa nake roƙa maka, Salihu! Ka bar ni ina roƙon kasuwa! Wa ya ce maka na gaji da roƙon Allah?”

Ta ce a kira Na'ibi. Da ya zo shi ma ya sha nasa.

Ta ƙi sauka. Ta ce a hawo mata da tabarmarta da carbinta.

Lahadi, 29 ga Rajab, bayan magariba

An ba shi gado. Kafin mu fita ya tsaya a ƙofa ya ce, “Mastura, maganar ranar nan.” Na ce, “Wace magana?” Ya ce, “Halas,” wato ya wuce. Na ce, “Halas.”

Laraba, 2 ga Sha'aban, da la'asar

Sun shiga da shi ɗakin aiki tun da safe. Ina kan benci. Na'ibi yana ta kai da kawowa, ya ishe ni.

Har yanzu.

Alhamis, 3 ga Sha'aban, da azahar

Daktor ya ce sun cire abin da suka gani. Na ce wanda ba su gani ba fa? Ya ɗaga hannu sama.

Ba su bar ni na shiga ba.

Asabar, 5 ga Sha'aban, bayan la'asar

Sun bar ni na shiga.

Gadaje ne a jere. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen ɗakin, na dawo na ce wa ma'aikaciyar ba ya nan. Ta kama hannuna ta kai ni gadon da na wuce. Na wuce mijina ban gane shi ba.

An naɗe shi daga wuya har kunne. Roba ta shiga ta hanci. Gefe ɗaya na fuskar babu shi, ba ni da wata hanyar faɗa. Sai idanun. Da na ga idanun na samu kujera na zauna.

Na shirya maganganu tun daga gida. Inna tana gaishe ka, Bashira ta dafa shinkafa ba ta ƙone ba, masu sayen tsire suna ta tambaya. Ko ɗaya ban iya faɗa ba. Sai “sannu” nake ta maimaitawa, sannu, sannu, kamar wadda ba ta san wata kalma ba.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga hannu da ƙyar, ya haɗa yatsu ya kai wajen naɗin, sannan ya nuna ni. Na ɗauka ruwa yake so, na tashi zan kira ma'aikaciya. Ya girgiza yatsa. Ya sake yi, ya sake nuna ni.

Tambayata yake ko na ci abinci.

Na ce na ci.

Ya ƙura mini ido. Ya nuna ƙofa.

Na sauka ƙofar asibiti na sayi tamis da ful a wurin wani Bayamane. Na dawo na zauna a gefen gadon, na buɗe a cinyata. Rabona da abinci tun ranar da aka shiga da shi. Loma ta farko na tura ta da ruwa. In na tsaya sai ya buga ƙarfen gadon da yatsa.

Bai rufe ido ba sai da na cinye.